Rasuwar Gajera, Motar da Muka Ɗaga Inci Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunya wadda ta ɗan fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar motarmu a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda kowa ya sani da suna Gajera. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da hantsi, a kan falalen dutsen da ke gaba da mashigin rafi, a hanyar zuwa lambun marigayi mahaifina. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku a duniya, goma sha tara daga ciki a hannuna, bayan jinyar wata goma sha ɗaya. Ba zan ɓoye wa jama'a ba, ni na ɗora mata ciwon da ya kai ta.

Ga waɗanda ba su san ni ba sai ta dalilinta, kuma suna da yawa, ni ne mai gyaran famfon burtsatsen nan mai sanƙo. Aikina yana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Shekara goma sha tara marigayiya tana ɗaukar bututu, rodi, sarƙa, akwatin kayan aiki da ni kaina, tana shiga da mu inda babu hanya sai sawun shanu. Ta yi laka, ta yi yashi, ta yi duwatsu, ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba. Sau biyu kacal ta bar ni a daji, kuma duka biyun ni na manta ban sa mata mai ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai kawaici, marar son nuna kai. Fentinta ya taɓa zama fari, wannan sai dai mu da muka san ta da ƙuruciya mu ba da shaida. Ba ta tashi da safe sai an roƙe ta sau uku. Na farko ta ce kyar-kyar, na biyu ta ce kyar-kyar-kyar, a na uku ta yi gurrum, duk unguwa ta san gari ya waye. Ƙofarta ta dama ba ta buɗuwa sai an ja sau biyu, in an rufe kuma ta ce gwaf. Hon ɗinta ya dishe tun shekarar da aka haifi autarmu, amma ko akuya ta san muryarta, tana ba ta hanya.

Sunan nan Gajera, Inna ce ta raɗa mata shi, wato mahaifiyata. Ranar da na kawo ta gida, Inna ta fito ta zagaye ta, ta buɗe ƙofa, ta ɗan ɗaga ƙafa kawai ta shige ta zauna, ba mai riƙe mata hannu. Ta ce, "Wannan gajera ce irina, za mu shirya." Kuma sun shirya ɗin, shiri irin wanda ni ban samu da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tun bayan rasuwar mahaifina, ranar Alhamis ta Inna ce. Tun daren Laraba take naɗe tabarmarta ta jingine a bakin ƙofa, ta cika fulas da shayi, ta sa 'yar wuƙarta a jaka. Da safe ta zauna a gaba, mu kama hanyar lambu. Lambun ba wani babba ba ne, lemo ne da gwaiba da mangwaro uku, amma mahaifina ne ya dasa su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta ɗebo musu ruwa lokacin da duk ba su kai gwiwa ba. Takan bi su tana dubawa, ta yi wa wannan faɗa, ta yaba wa wancan, sannan ta shimfiɗa tabarma a gindin lemon da ke kusa da rijiya ta wuni. Ban taɓa tambayar ta me take yi a wurin ba, na dai san ranar Juma'a ba ta yi wa kowa tsawa a gida.

A tsakiyar mashigin rafin akwai wani dutse mai doro. Duk ranar Alhamis ta Allah, da zuwa da dawowa, sai cikin Gajera ya goge shi, ta ce ƙurrr. Inna kuma ta shafa gaban motar ta ce, "Sannu 'yar nan, sannu." Ina so a rubuta a ajiye cewa wannan gogar ba ta taɓa yi mata lahani ba. Tun shekarar farko likitanta, wato bakanikenta, ya ɗaura mata farantin ƙarfe mai kauri a ciki domin wannan dutsen. Na san da haka sarai. Ina faɗa ne saboda daga baya na riƙa gaya wa mutane wai don dutsen na ɗaga ta, kuma har akwai waɗanda suka yarda.

Gaskiyar yadda ciwon ya faro ita ce, a gidan mai ne. Ina layi sai wata mota ta tsaya a gefena, doguwa, tayoyinta masu manyan haƙora sun kusa kai tagata. Direban ya leƙo daga can sama ya yi mini sallama, na lura ba fuskata yake kallo ba, tsakiyar sanƙona yake kallo. Kai, abin ya tsaya mini a rai! A makon ne kuma ƙanin matata ya zo da wayarsa cike da hotunan motocin da aka ɗaga, yana turo mini su a hanci yana cewa, "Yaya, dubi yadda maza ke shiga daji. Kai kuwa kullum kamar mai jan ciki." Na yi dariya a gabansa, amma wallahi kwana uku ina auna Gajera da ido.

Sai na kai ta wurin likitanta, Baba Sifana, bakaniken da ya san ta ciki da bai, wanda ko tarinta ya ji daga nesa zai faɗi abin da ta sha. Baba Sifana yana da wata al'ada da duk mai zuwa garejinsa ya sani. Ba ya ɗaga mota sai ya ɗauko wata sanda mai tsage-tsage da ke rataye a bayan ƙofa, ya auna daga ƙasa zuwa cikin motar, daga taya zuwa madigadi, daga ƙasa zuwa bakin ƙofa. Sannan ya yi tambaya uku, kullum su ne, ba ya ƙari ba ya ragi. Ina za ta? Me za ta ɗauka? Wa zai hau?

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatu kyauta. Ya ce ɗaga bodi ba ya ɗaga ƙullin ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, wanda shi ne ya fi komai kusa da ƙasa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ta ƙaru da shi kawai take bayarwa. Ya ce ɗagawa ba komai ba ce illa yi wa taya ɗaki, kuma kowane inci da ka hau sama, akwai abin da ya karɓe maka a birki, a sitiyari, da ƙarfin ja. Tayoyin Gajera na asali inci ashirin da tara ne. Ya ce in dai dole sai na taɓa ta, to inci biyu, da taya talatin da ɗaya, kuma guda biyar. Ya ɗaga yatsunsa duka ya ce, "Biyar, ɗana. Ba huɗu ba."

Tambaya ta farko na amsa daidai, ta biyu ma haka. Da ya zo kan wa zai hau, sai na ce, "Ni kaɗai mana, Baba." Ya sauke tabarau kan hanci ya dube ni ya ce, "Har ranar Alhamis?" A nan ne na lalubo waya a aljihu na kara a kunne, alhali ba wanda ya kira ni. Na fita ina ta "eh, eh, ga ni nan zuwa," ban koma ba.

A tsallaken titi akwai wani mai walda da ake kira An-Gama, saboda duk abin da ka ce masa, kafin ka rufe baki ya ce an gama. Shi ba ya da sanda, ba ya da tambaya. Na ce inci shida nake so, ya ce an gama. Na ce taya talatin da biyar, ya ce an gama. Da tayoyin suka ƙi shiga mazauninsu, ya ɗauko injin yanka ya datse mata madigadi huɗu kamar mai yi wa yaro aski, ina tsaye ina gyaɗa kai. Tayoyi huɗu muka sa. Ta biyar ba za ta shiga inda ake ɗaura safaya a ƙarƙashi ba, sai An-Gama ya ce ai safaya ado ce, sabuwar taya mai irin wannan haƙoran me zai huda ta? Muka mayar da tsohuwar safaya 'yar ƙarama inda take, tare da tsohon jak.

Ranar da na shigo da ita unguwa, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ina kallon rufin motocin mutane, ina ganin abin da ake shanyawa a bayan katanga. Na yi zagaye biyu ba gaira ba dalili. Daɗin ya ƙare ne a ƙofar gida, inda ƙarfen ɗora bututu da ke kanta ya daki rumfar da ta kwana a ƙarƙashi shekara goma sha takwas, ya ce kwaram, kwano biyu suka sauko. Tun daga ranar marigayiya ba ta ƙara kwana a inuwa ba. Maiɗakina ta fito ta dubi motar, ta dubi rumfar, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki," ta koma ciki.

Alhamis ta zo. Inna ta fito da tabarma a hammata da fulas a hannu, ta ja ƙofa sau biyu kamar kullum, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a iska. Bakin ƙofar da a da yake ƙasa da gwiwarta, yanzu ya kusa kai mata ƙugu. Na kawo bulo, bai isa ba. Na ɗora wani a kai, suka yi rawa, ta sauko da sauri tana dafe da gwiwa, don gwiwoyin Inna sun daɗe da yin ritaya. Zuwa lokacin matan maƙwabta sun fara leƙowa. Na ce, "Inna, bari in ɗaga ki, minti ɗaya ne." Ta dube ni tun daga sanƙo har ƙafa ta ce, "Ni ba buhu ba ce." Ta gyara mayafi, ta karɓi tabarmarta daga hannuna, ta ce, "Je ka, ka gaishe mini da itatuwa."

Na yi mata alkawarin mako ɗaya. Na koma wurin An-Gama na ce matakala nake so, mai hawa biyu. An gama. Ya liƙa mata wata matakala da ta sauko ƙasa fiye da inda cikin Gajera yake kafin a ɗaga ta. Na ce bari in gwada ta a hanya kafin in ɗauki Inna. A mashigin rafi dutsen nan mai doro ya karɓe matakalar ɗungurungum, har da guntun bodi. Tana can a gindin ruwa har yau, duk mai buƙata yana iya zuwa ya ɗauka.

Daga nan jinya ta kankama. Marigayiya, wadda a da take hawa tudu da bututu goma tana waƙa, ta koma sai na sauko giya ta biyu tana nishi. Shan mai kuwa, har masu gidan mai suka fara yi mini barka da zuwa tun daga nesa. In ta ɗan yi gudu sitiyari ya kama karkarwa, in na karya kwana taya ta cije bodi ta ce gurr-gurr, in na taka birki sai ta yi shawara tukuna kafin ta tsaya. Wani sabon kuka ya fito mata daga ƙarƙashi, wuuu, wanda ba ta taɓa yi ba. Malejinta ma ya koyi ƙarya, yana nuna ƙasa da gudun da muke yi. Ni kuma da nake ɗora bututu daga tsayin ƙugu, na koma ɗagawa har ƙirji, bayana ya shiga layin marasa lafiya. Duk wannan, in aka tambaye ni ya mota, sai in ce ai yanzu ne na san ina da mota.

Baba Sifana bai taɓa ce mini uffan ba. In na wuce ta gaban garejinsa, yakan ɗaga mini hannu, ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Hannun nan ya fi zagi ciwo. Sai na sake hanya, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa.

Duk Alhamis ni kaɗai nake zuwa lambu, in tsinko lemo in kawo wa Inna. Takan ɗauki ɗaya ta shinshina, ta faɗi itacen da ya fito, ba ta taɓa kuskure ba. Sai ta tambaya ko an tokare reshen nan na wajen rijiya, ko gwaibar kusurwa ta daina zubar da ganye. Ina amsawa da "lafiya lau, Inna," alhali ban ma duba ba. A wata na uku ta daina tambaya. A na huɗu na lura tabarma ba ta fitowa bakin ƙofa daren Laraba. Maiɗakina ta ce mini ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba, "Don Allah ka sauke motar nan, tsohuwar nan tana ramewa a zaune." Na ce sai bayan damina. Damina ta wuce na ce sai na gama aikin wani ƙauye. Gaskiyar ita ce ba wanda zai iya sauke ta daidai sai Baba Sifana, ni kuma kunyar shiga garejinsa nake ji. Wata goma sha ɗaya Inna ba ta ga lambun mijinta ba saboda ni ina jin kunyar wani tsoho mai sanda.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Alhamis ɗin, na haye rafi ke nan sai tayar baya ta dama, mai haƙoran da aka ce ba abin da zai huda ta, ta taka wani kututture ta ce fuuu. Na ɗauko jak, na murɗa shi har ƙarshensa, bai ko taɓa motar ba, ya tsaya a ƙasa yana kallon ta. Sai da na jera duwatsu na ɗora shi a kai. Na kwance safaya, 'yar inci ashirin da tara, na sa ta cikin manya uku. Gajera ta karkace gefe ɗaya. Mai hankali zai juya ne a hankali ya koma gida. Ni kuwa na ce ai saura ƙiris, na sa ƙaramar giya, wadda ke ɗaure ƙafafu huɗu su ja tare, na nufi falalen dutse.

A yashi da ta yafe mini, don taya takan ɗan zame ta huta. A kan dutse babu zamewa. Manya uku suna juyi ɗaya, ƙaramar tana nata daban, ƙarfen da ke tsakani yana murɗewa. Ta yi mini gargaɗi, Allah Ya sani ta yi. Ta ce ƙiii. Na ƙara mata wuta. Ta ce ƙiii-ƙiii. Na ce haba Gajera, yau kuma? Sai ta ce ƙarass, ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya. Na sauko na tarar baƙin mai yana gangarowa a kan dutse. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsss.

Tarakta ce ta jawo ta gari, ni ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyarin da ba ya tuƙa komai. Babu zagayawa ta bayan kasuwa a ranar, kai tsaye muka shiga garejin Baba Sifana. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe. Da ya fito ya goge hannu, ya ce akwatin giya ya tsage, haƙoran ƙafar baya sun zama gari, ƙashin bayanta kuma ya rabu a daidai wurare biyu da An-Gama ya yi walda. Ya ce, "Sai haƙuri, ɗana." Na tsaya ina jiran ya ce ai na gaya maka, har na shirya fuskar da zan karɓa da ita. Sai kawai ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" A nan ne idona ya kawo ruwa.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu inci talatin da biyar, uku lafiyayyu, ɗaya tana jinya wurin mai faci. Ta bar safaya, wadda ba ta da laifin komai, an kira ta aikin da ya fi ƙarfinta ne ta amsa. Ta bar jak, wanda ya faɗi gaskiya ba a saurare shi ba, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da makulli mai ɗaure da igiyar takalmi. Ta bar ni, da maiɗakina, wadda har yanzu ba ta ce komai ba sai "Allah Sarki," amma yadda take faɗar sa ya ishi mai hankali. Ta bar ƙanin matata, wanda ya zo gaisuwa yana rantsuwa shi hoto kawai ya nuna. Ta bar An-Gama, wanda ya aiko a gaya mini in na ba shi kwana biyu zai tayar da ita. Sannan ta bar ƙawarta, Inna.

Ranar Asabar Inna ta ce a kai ta ta gan ta. Na so in hana, ta ce ba shawara ta nema ba. Muka ɗauki tasi. Kafin mu isa Baba Sifana ya riga ya kwance tayoyin nan da duk ƙarafan da aka cusa mata, ya sauke ta a kan katako biyu, cikinta dab da ƙasa. Inna ta zagaye ta a hankali tana dogara sanda, ta taɓa inda aka datse madigadi, ta girgiza kai. Ta zo ƙofar dama ta ja sau biyu. Ta ɗan ɗaga ƙafa kawai, ta shige ta zauna, ba mai riƙe mata hannu. Ta ja ƙofa ta ce gwaf.

Har mai buga guduma a garejin ya ajiye gudumarsa. Inna ta shafa gaban motar ta ce, "Sannu 'yar nan, sannu. Kin dawo daidai ni." Ta daɗe a zaune tana kallon gilashi, gabanta ba komai sai bangon gareji da tsofaffin batura. Can ta juyo ta taga ta ce mini, "To ga shi na hau. Saura tafiya." Jama'a, ni da furfurata da sanƙona, na durƙusa a gefen ƙofar nan na yi kuka sosai, ba na ɓoye ba. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi, kana ɓata wandonka da baƙin mai."

Da ta fito, Baba Sifana ya shiga ya ɗauko sandarsa daga bayan ƙofa. Ya kafa ta a ƙasa ya ce, "Inna, ɗaga ƙafa iya inda ba ciwo." Ta ɗaga. Ya sa zarto ya yi sabuwar tsaga a daidai wurin, ƙasa da duk sauran tsagogin da ke jikin sandar. Ya miƙo mini ya ce duk ranar da Allah Ya hore mini wata motar, in zo da ita da wannan sandar, kuma in amsa tambaya ta uku kafin ta farko.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa. Za a taru a garejin Baba Sifana da ƙarfe tara na safe, inda masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauki gawar, ana roƙon su da su ɗora ta a hankali, ta sha jifa a rayuwa. Kujerar gaba ta dama ba ta cikin abin da za a ɗauka, Inna ta ce tata ce, za a kai ta lambu a ajiye a gindin lemon wajen rijiya. Iyalai suna roƙon masu zuwa gaisuwa da kada kowa ya zo da hoton mota a waya. An-Gama yana iya zuwa, amma ya bar injin waldarsa a shago. Tayoyin nan huɗu kuma kyauta ne ga duk wanda ya zo da ta biyar a hannu, ya kuma kawo mahaifiyarsa ta shaida ta yarda.

Daga gareji za a wuce lambu a motar Baba Sifana, wata tsohuwa da ba a taɓa ƙara mata ko rabin inci ba. Shi zai tuƙa, don ya ce ko makullin ba zan riƙe ba. Inna za ta zauna a gaba, ni a baya tare da kujera da itacen tokare reshe. Tun jiya tabarma ta fito bakin ƙofa, alhali yau Litinin. Duk wanda yake kusa da mashigin rafi ranar, in ya ji ƙurrr, kada ya taso taimako. Mu ne, kuma lafiya lau muke.